Yaron da ya kira wa Malam Bello alƙalin wasa a Birnin Kebbi

Malam Bello: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar Asabar nake ta juya wata magana a raina, na ce bari in kawo ta nan ku yi mini alƙalanci. Waɗanda suka zo gasar ces, wato darar Turawa, da aka yi a Birnin Kebbi sun san tsarin: buɗaɗɗiya ce, babba da yaro duk kwando ɗaya, zagaye shida, kowa minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kan kowane motsi. Na baro Jega da sassafe, na ci wasa biyu, aka cinye ni ɗaya. A zagaye na huɗu sai aka haɗa ni da wani yaro, in ya yi yawa shekararsa 14. Ni ke da farare. Mun buɗe da buɗin Italiya da kowa ya sani. A motsi na shida na zo shigar da sarki ɗaki, wato kasilin, sai na ɗauki hasumiya daga h1 na aje a f1 (sunayen gidajen allo ke nan, harafi da lamba), na kai hannu kan sarki zan kai shi g1. Wallahi kafin in ɗaga sarkin yaron nan ya tsayar da agogo, ya ɗaga hannu sama. Ko kallona bai yi ba. Alƙali ya zo, ya tambaye ni wanne na fara taɓawa, na gaya masa gaskiya. Ya ce to ba kasilin, hasumiya ta riga ta tafi f1, nan za ta zauna. Ni ba hukuncin ne ya dame ni ba. Shekarata 47, ina da ɗa da ya girme shi. Ashe ba zai iya cewa "Baba, sarki ake fara ɗauka" a hankali mu ci gaba ba? Sai ya tara mini jama'a? Ku gaya mini tsakani da Allah, wannan tarbiyya ce?

Kabiru Mai Waya: Wa alaikumussalam Malam. Kai, abin da ciwo. Ni da a gabana aka yi da sai na ce wa yaron ya ji tsoron Allah. Kowa ya san abin da kake nufi, ba wanda zai kai hasumiya f1 a motsi na shida don ganin dama.

Nasiru: Allah gafarta Malam, ka yi mini afuwa, amma alƙali ya yi daidai, yaron ma ya yi daidai. A dokar hukumar ces ta duniya, FIDE, kasilin motsin sarki ne, ba na hasumiya ba. Sarki ake fara ɗauka a kai shi gida biyu, sannan a tsallako da hasumiya, kuma da hannu ɗaya. In ka fara taɓa hasumiya da niyyar wasa, ka rasa kasilin ta wannan ɓangare a wannan motsin, dole ita za ka motsa. Tunda har ka sake ta a f1, motsi ya ƙare. Dalilin dokar a fili yake: sarki ba ya tafiyar gida biyu sai a kasilin, don haka da ka kai shi g1 kowa ya san inda ka dosa. Hasumiya kuwa daga h1 zuwa f1 cikakken motsi ne mai zaman kansa. Da an bar shi a buɗe, sai mutum ya aje hasumiya, ya karanci fuskar abokin wasansa, sannan ya zaɓi ko ya ƙara da sarki ko ya bari.

Malam Bello: Nasiru, na ce ba hukuncin nake ja ba. Karanta abin da na rubuta da kyau. Ladabi nake magana.

Nasiru: Na karanta Malam. To ai dokar ce ba ta bar masa wata ƙofa ba. Ba a so ka yi gardama da abokin wasanka a kan allo, abin da aka ce shi ne ka tsayar da agogo ka kira alƙali. Kuma in ya yi shiru ya taɓa nasa ɗan da niyyar motsawa, haƙƙinsa na ƙorafi ya faɗi, ba zai dawo daga baya ya ce a gyara ba. Abin ya taɓa faruwa ga manya. A gasar cin kofin duniya ta 2015 a Baku, Nakamura ɗan Amurka ya yi kasilin da hannu biyu a wasan raba gardama da Nepomniyashi ɗan Rasha. Bayan an tashi ɗan Rashan ya kai ƙara, aka ce masa da ka tsayar da agogo a lokacin. Haka ya fita daga gasar.

Baba Alhaji: Ni dai ɗiyana ban iya wagga dara taku ta Turawa ba, jikana yas saka ni cikin zauren ga don in riƙa ganin hotunanshi. Amma darar gida na yi ta shekara hamsin da wani abu nan Argungu. Malam Bello, in gaya maka gaskiya ko in yi maka kara? A gindin icce inda mu ka yin dara, in kas saki ɗa cikin gurbi ya zauna ke nan, ko hakimi na kai. Mun yi da masu sarauta, mun yi da masunta, ba a taɓa cewa wane babba na a bar shi ya maida ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi na yaro ya yi ma babba dariya in ya cinye shi. To ya yi maka dariya?

Malam Bello: Bai yi ba, Baba. Ban ce ya yi ba.

Baba Alhaji: Ya gaishe ka da kunka zauna?

Malam Bello: Ya gaishe ni, har da rusunawa.

Baba Alhaji: To mi ya rage?

Kabiru Mai Waya: Baba ranka ya daɗe, akwai fa bambanci. A gindin icce ku kaɗai ne, a can kuwa ɗakin taro ne cike da mutane, har da ɗaliban Malam. A ce yaro ya ɗaga hannu a kanka kamar ya kama ɓarawon jarrabawa.

Danladi: Ni daga Zuru nake, mu ma dara gadonmu ce, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Abin da Baba ya faɗa haka yake a wajenmu. Amma ina ganin akwai abin da ake tsallakewa. Malam, a ina ka koyi ces ɗin? Don ni a makarantar kwana na koya, kuma duk muna fara ɗaukar hasumiya, wasu ma hannu bibbiyu. Ba wanda ya taɓa ce mana laifi ne. Yaran yanzu kuwa a waya suka koya, a Lichess da ire-irensa, inda in ka ja hasumiya zuwa f1 shi ke nan ta tafi, na'ura ba ta san niyyarka ba. Shi a idonsa ba wani abin kunya ya yi maka ba, abin da ya saba gani ne kullum.

Malam Bello: A kwalejin horon malamai na koya, wajen wani malaminmu, Allah ya jiƙansa. Shekara kusan 25 ke nan ina yi haka.

Murtala: Ni ina allo na kusa da su, na ga komai. Amma kafin in ce wani abu, Malam ka ba mu yadda wasan ya ci gaba mana. Mutane na ta magana kamar a motsi na shida aka tashi.

Malam Bello: Wasan gaggawa ne, ba a tilasta rubutawa ba, amma farkon na riƙe shi. Dakarena e4, nasa e5. Dokina f3, nasa c6. Giwata c4, tasa c5. Na tura c3, ya fito da doki f6. Na tura d3, ya tura d6. Sai abin da ya faru, hasumiya f1. Shi ya yi nasa kasilin ɗin, sarki ya fara ɗauka, a hankali, kamar yana nuna mini. Na kai doki g5, ya tura h6 ya kore shi, na ƙi janyewa na tura h4. Ya ci dokin, na rama da dakaren h, ya kai dokinsa g4. Na mayar da hasumiya h1. Ya ci f2 da giwa da barazana ga sarki, na matsa e2. Daga nan sai ya tura g6, ya hau da sarkinsa g7, ya kawo hasumiyarsa h8 muka yi musaya.

Nasiru: Innalillahi. Malam, da izininka in yi magana a kan wannan, don a nan wasan yake, ba a wajen alƙali ba.

Malam Bello: Bismillah.

Nasiru: Hasumiya a f1 ba ta kashe ka ba. An ɗan takura ka, shi ke nan. Sarkinka bai motsa ba, hasumiyar a1 ba ta motsa ba, kasilin ta ɓangaren sarauniya yana nan yana jiranka. Ka fitar da dokin b1, ka fitar da giwar c1, ka ɗaga sarauniya, ka shige ta can. Kuma tsakiyar allo a rufe take, ba mai iya kai wa sarkinka hari cikin gaggawa. Abin da ya kashe ka shi ne h4. Wannan dabara ta sadaukar da doki a g5 duk ginshiƙinta ɗaya ne: in ya ci, ka rama, layin h ya buɗe, hasumiyar da ke h1 ta haɗu da sarauniya a h5 su gama da sarki. To Malam, wace hasumiya ce a h1 a lokacin? Ka yi wasan da hannunka ya saba, ka manta an riga an raba ka da ita motsi biyu da suka wuce.

Kabiru Mai Waya: Kai! Dara ta ci gida.

Nasiru: Saura ma. Dokin da yaron ya kai g4 aiki biyu yake yi. Ya toshe wa sarauniyarka hanyar d1 zuwa h5, kuma ba za ka iya cin sa ba don giwarsa ta c8 na tsaronsa. Sannan ya haɗu da giwar c5 sun sa f2 a gaba. Abin da ke riƙe da f2 a lokacin, ban da sarki, ita ce hasumiyar nan da kake jin haushin an tilasta maka aje ta a f1. Tana nan tana yi maka gadi, kai da kanka ka ɗauke ta ka mayar h1, f2 ta faɗi. Ka ga an ci maka doki da dakare, sarki ya fito fili ya kuma tare wa sarauniyarsa hanya a e2. Yaron da ya ga g4 cikin 'yan daƙiƙu, sannan ya san ya yi g6 da g7 ya kawo hasumiya ya kashe layin h, ba da doka kaɗai ya zo ba. Ya iya.

Malam Bello: Ban musa ba. Raina a ɓace yake a lokacin, so nake in gama da shi kafin motsi na ashirin ya san ya taɓo babba. Amma ka ga ai maganata ce ta fito: da bai kira alƙali ba da raina bai ɓaci ba.

Baba Alhaji: Hushi naka na, Malam. Ba shi ya aza maka shi ba.

Ustaz Lawali: Assalamu alaikum. Ina ta bin maganar nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fi damuna shi ne yadda wasa ya kai ga ɓacin rai tsakanin babba da yaro. Irin wannan na cikin abin da ya sa malamanmu na Malikiyya suka ƙi shaɗaranji, wato ces. Imamu Malik ya ƙi shi a Muwaɗɗa, mai Risala ma ya haɗa shi da nardu, wani wasan allo da ake jefa ɗan lido, ya ce bai halatta ba. Na san Shafi'iyya sun sassauta, suka tsaya a kan karhanci matuƙar ba caca, ba ya hana salla a kan lokaci, ba ya jawo zagi. Ban zo in rufe muku zaure ba, amma ko a wajen masu sassaucin ga sharuɗɗan nan.

Aminu (shugaban zaure): Allah ya saka da alheri Ustaz. Wannan mas'alar mun tattauna ta a nan ba sau ɗaya ba, kowa ya san matsayarsa, kada mu sake buɗe ta yau. Abin da zan shaida shi ne an tsayar da wasa an yi Azahar da La'asar cikin jam'i, kuma ba wanda ya zagi wani. Murtala, ka ce kana da magana.

Murtala: Ina da ita. Malam Bello, ka yi haƙuri, amma ka ba da rabin labari. Jama'a, wa ya tambayi Malam yadda aka tashi wasan?

Kabiru Mai Waya: Ai cinye shi aka yi, ko?

Murtala: Kunnen doki aka yi. Rabin maki kowa. Na gama nawa wasan na tsaya a kansu. Malam bai miƙa wuya ba, ya yi ta jan wasa har aka share allo. Yaron ya kai dakare ƙarshe ya yi sabuwar sarauniya. Malam ba abin da ya rage masa sai sarki da dakaren nan na e4 na motsin farko, shi ma ya cije da na e5, ba gaba ba baya. Yaron ya yi ta koro sarkin Malam har lungu. Sarauniya na b4, sarkin Malam na a2, ya koma a1. Agogon yaron ya yi ƙasa sosai, hannunsa har rawa yake. Sai ya bi shi da sarauniya b3. Ya miƙe tsaye yana murmushi, a zatonsa ya gama. To ku tambayi Malam wa ya tsayar da agogo ya ɗaga hannu a wannan karon.

Danladi: A'a! Malam?

Kabiru Mai Waya: Wayyo cikina. Ashe wanzami ne ba ya son jarfa.

Malam Bello: Murtala, ai wannan daban. Wannan ba ƙorafi ba ne, wasa ne ya ƙare da kansa. Sarkina ba ya ƙarƙashin hari, kuma ba ni da motsi ko ɗaya da ya halatta: a2, b1, b2 duk sarauniya ta riƙe, dakare ya maƙale. Doka ta ce canjaras ne. Yaron ya ɗauka ya ci, ni kuma ba zan zauna ina jayayya da yaro ba, shi ya sa na kira alƙali ya yi masa bayani.

Murtala: "Ba zan zauna ina jayayya ba, shi ya sa na kira alƙali." To shi ma ai abin da ya yi ke nan, Malam.

Baba Alhaji: Tsaya ku hwahimtar da ni. Mutum ya cinye maka ɗiya duka, ya kai ka bango ba ka iya ko motsi, sannan a ce kun yi daidai? Wanga wane irin shari'a na? A hankalce ai wanda anka ɗaure shi anka kada.

Nasiru: Baba, ba kai kaɗai ka taɓa ganin haka ba. A tsohon shaɗaranji na Farisa da Larabawa, wanda ces ta fito daga cikinsa, in ka ƙure sarkin abokin wasanka ya rasa motsi kai ka ci, haka in ka cinye masa komai ka bar sarki tsirara. A Ingila kuma an yi wani zamani da suka juya abin, wanda aka ƙure ɗin shi ake ba nasara. Sai a ƙarni na 19 aka daidaita a kan canjaras. Hikimar ita ce mai rinjaye ya nuna ya iya kammalawa, ba tara dukiya kawai ba. Ana koya wa mai koyo ya riƙa aje sarauniya nesa da sarki da tsallen doki, yana matsa shi har lungu, amma da sarki ya rage da gida biyu sai ka tsaya cak. Sarauniya a b4 ta riga ta gama aikinta, sarkin Malam ba shi da wurin zuwa sai a1 da a2. Abin da ya rage yaron ya tako da nasa sarkin har c2, sannan ya sauke sarauniya. Shi kuwa ya ƙara tsallen doki ɗaya da ya wuce ƙa'ida. Kuma da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane motsi, lokaci ba zai ƙare masa ba in da ya natsu.

Baba Alhaji: To na ji. Amma ni har gobe yaron ga yac ci.

Danladi: Abin dariyar, dukansu biyu cuta ɗaya ta kama su. Malam ya bi sabon hannu ya tura h4, yaro ya bi sabon hannu ya kai b3.

Malam Bello: Ku yi ta dariya. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa akwai yadda ake yi wa babba magana. Ko a makaranta in na yi kuskure a allo, ɗalibi mai hankali ba ya ihu, zuwa yake ya same ni bayan darasi.

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Na yi niyyar in yi shiru, amma tunda abin ya kai nan bari in yi magana. Yaron ɗalibina ne, ni na kawo su su huɗu. Malam Bello, ka girme ni a aiki da shekaru, ka yi mini uzuri. In akwai laifi nawa ne, don ni na ce musu kada wanda ya buɗe baki ya yi wa abokin wasa gyara, babba ne ko yaro, su tsayar da agogo su ɗaga hannu kawai. Kuma ina da dalili. A wata gasa da muka je a baya, wata yarinyata ta ce wa wani babban mutum ya taɓa doki dole ya motsa shi. Ya daka mata tsawa, ya ce gyara shi yake yi, alhali bai ce komai ba kafin ya taɓa, kuma doka ta ce sai ka faɗa tukuna kafin ka gyara. Ta yi shiru, ta ƙarasa wasan tana hawaye. Tun daga ranar na gane cewa yaranmu ba za su iya jayayya da manya baki da baki ba, tarbiyyar gida ba ta bar su ba, kuma ba na so ta bar su. Ɗaga hannun nan shi ne kaɗai hanyar da yaro zai nemi haƙƙinsa ba tare da ya ce wa babba "ka yi kuskure" da bakinsa ba. Rashin kallonka da ya yi, Malam, kunya ce. Misalin bayan darasi kuma ba zai yiwu a nan ba, Nasiru ya riga ya faɗa, in ya bari ya motsa ɗansa maganar ta mutu.

Nasiru: Malama ta tuna mini da Judit Polgar 'yar Hangari. A Linares ta Sifen a 1994, tana da shekara 17, ta zauna da Kasparov, zakaran duniya a lokacin. Ya aje doki, hannunsa ya sake shi na ɗan ƙiftawar ido, ya ga kuskure ne ya sauya masa gida. Ba ta tsayar da wasa ba, aka cinye ta. Hoton bidiyo ya nuna ya saki dokin. Har yau ana maganar. Kwarjinin babba ba a ƙasar Hausa kaɗai yake rufe bakin yaro ba.

Kabiru Mai Waya: To ni dai na janye rabin maganata. Rabi kawai, irin makin Malam.

Aminu (shugaban zaure): Akwai laifinmu mu masu shiryawa a ciki. Kafin zagayen farko an yi bayanin agogo da kashe waya, amma ba wanda ya yi maganar taɓa ɗa da yadda ake kasilin, mun ɗauka kowa ya sani. Alhali rabin ɗakin ba su taɓa zama gaban alƙali ba. Kuma ba abin kunya ba ne, Korchnoi da kansa a wasansa da Karpov a 1974 ya tashi ya tambayi alƙali ko ya halatta ya yi kasilin alhali ana kai wa hasumiyarsa hari. Aka ce masa ya halatta. In mai neman kambun duniya zai tambaya, mu su wa? Nan gaba za mu ware minti goma a nuna a kan allo da Hausa.

Danladi: Ku haɗa da sunayen 'ya'yan ma a daidaita. A ɗakin nan na ji ana cewa hasumiya, na ji ruk, na ji soro. Giwa kuma wani liman yake ce mata.

Ustaz Lawali: Liman dai a bar shi a masallaci. Giwa ta fi, ita ce fassarar sunan da Larabawa ke kiranta da shi.

Malam Bello: Malama Hadiza, na ji bayaninki, kuma ban san da labarin yarinyar ba. Ban ce na sauka daga ra'ayina duka ba. Har yanzu da ɗana ne, zan so ya ɗan dube ni ya ce "Baba yi haƙuri" kafin ya ɗaga hannun. Kalma biyu ba za ta ci masa lokaci ba tunda agogo a tsaye yake. Amma zancen rashin tarbiyya da na yi, na janye shi. Ya yake yanzu?

Malama Hadiza: Wannan kam zan iya ƙara musu, ba ta saɓa doka ba. Yana nan lafiya. Bai ci abinci ba a mota da muna komawa, ba don kai ba, don b3. Rabin makin nan ne ya fitar da shi daga cikin masu karɓar kyauta. Jiya na same shi ya jera sarki da sarauniya shi kaɗai yana ta maimaitawa. Ya kuma tambaye ni ko ya kamata a kai shi ya ba ka haƙuri, na ce ya bari in ji daga gare ka.

Malam Bello: Ba sai ya ba ni haƙuri ba. Ranar Asabar ina shigowa Birnin Kebbi ɗaurin aure, in an gama zan biyo inda kuke atisaye bayan La'asar. Ki ce masa ina bin sa wasa biyu, ɗaya da farare ɗaya da baƙaƙe. Kuma ba minti 15 ba, a ba mu rabin awa kowa.

Murtala: Zan zo kallo. Malam, sarki ake fara ɗauka.

Malam Bello: Murtala, ka kiyaye ni.

Baba Alhaji: In kun ƙare ku taho Argungu in aza muku ta gida, ku duka biyun. Ba agogo, ba alƙali.

Aminu (shugaban zaure): Agogon zaure yana wajen Kabiru tun ranar gasa. Kabiru, ka kai wa Malama kafin Juma'a, kuma ka sa masa sabon batir, wancan ya fara dishewa.

Kabiru Mai Waya: Batir ɗin wa zai biya?